Wa Ke Juya Taransifomar Yaya

Injin niƙa na farko ni na fasa shi, da hannuna, tun motar da ta ɗauki Yaya ba ta gama fita daga Zuru ba. Gara in faɗa tun yanzu, domin sauran da suka fashe daga baya babu hannuna a ciki.

Yayana soja ne. Da ya zo hutu ya zo da kwamfuta irin wadda ake ɗorawa a cinya, a cikinta kuma akwai wani wasa da mutum ke haƙa ƙasa, ya sari itace, ya jera tubali ya gina abin da ransa ke so. Asalin wasan babu lantarki a ciki, da itace da gawayi ake komai, kamar gidan kakata a Dabai. Amma Yaya ya samo wani ƙari ya ɗora masa, sai ga waya, ga janareta, ga injuna iri-iri. Hutun nan kaf a kan kujera ya cinye shi, har Mama ta ce ta haifi soja an dawo mata da mai gadin tebur. Ya datse kogi a cikin wasan ya kafa tashar wuta, ya ja waya mai kauri ta haura tudu har cikin garin da ya gina. A garin akwai injunan niƙa dutse jere a rumfa ɗaya. Gaba da rumfar kaɗan akwai gidansa mai bene, a tsakar gidan kuma ga babban tanderun narka ƙarfe, wanda yake ji da shi fiye da takalmansa na fareti.

Ranar da zai koma bariki ya ɗora mini kwamfutar a cinya ya ce, "Ƙane, ga amana. Injunan niƙa ka yi ta wasa da su. Amma tanderun nan, in na dawo Kirsimeti na same shi lafiya, kwamfutar ta zama taka. In na samu ko ƙwarzane a jikinsa, da ita zan koma, sai dai ka riƙa ganinta a mafarki."

Kuma ya saita wasan yadda abin da ya lalace ya lalace ke nan. Babu komawa baya, sai dai ka shiga rami ka haƙo ƙarfe ka ƙera wani.

A bakin garin, inda wayar nan mai kauri ta ƙare, akwai wani akwati ruwan toka mai kibiya a goshi. Taransifoma ce. In ka taɓa ta da sifana, ƙarfen nan na kwance noti, kibiyar ta kalli ƙasa, sai rubutun Turanci ya fito cewa ana rage wuta. In ka sake taɓawa ta kalli sama, ana ƙarawa. Ni da na ga kibiyar tana kallon ƙasa sai na yi dariya, na ce ashe soja ma yana kuskure. A layinmu fa aka haife ni. Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin wuta ta yi wa kowa yawa ba. Ƙwan ɗakinmu in an kawo wuta ja yake yi kamar garwashin da ya kwana, sai ka ƙyasta ashana kafin ka tabbatar yana ci. Fankar falo tana juyawa ne kamar mai shawarar ko ta ci gaba ko ta haƙura. Duk akwatin da na taɓa gani an sayo a unguwarmu don ƙara wa wuta ƙarfi aka sayo shi. To wane ne zai kafa akwati musamman don ya rage?

Na juya kibiyar sama. Babu abin da ya faru. Na taka zuwa rumfa ina jin kaina injiniya, na zuba dutse a injin farko. Ɗim! Da hayaƙi ya washe babu inji, babu rabin rufin rumfar, sai rami mai faɗin rijiyar unguwa, mutumina na cikin wasan kuma yana kwance a gefe.

Na kira Yaya a waya na ce tambaya ce kawai, a ce wani yaro a wani gari ya juya wata kibiya. Ya yi ta dariya har na ji wani yana tambayarsa ko lafiya. Sannan ya ce, "Saurara, wawa. Wayar nan mai kauri babbar wuta take ɗaukowa, don hanya tana da nisa. Injunan kuma maƙogwaronsu ƙarami ne. Aikin taransifoma ta gutsuttsura musu loma-loma. Kai kuwa ka ɗura wa jariri malmalar tuwon dawa guda." Ya ƙara da cewa injin da ke zaune ba ya shan wuta, shi ya sa ba ya fashewa sai an ba shi aiki. "Mayar da kibiyar ƙasa. Wannan na yafe."

Tun daga ranar, kullum kafin in rufe murfin kwamfutar sai na kai mutumina gaban taransifomar, sifana a hannunsa, na tabbatar kibiya tana kallon ƙasa, kamar yadda Baba ke jijjiga kwaɗon ƙofar gida kafin ya kwanta. A nan nake barinsa tsaye. Ba na kashe wasan, domin kafin ya sake buɗewa sai a dafa wake a sauke. Murfin kawai nake kifawa, in kai ta falon Baba ta yi caji, tunda a can ne kaɗai akwai sitabilaiza, tana nan tana nishi tana jan wuta sama.

Ina da aboki ɗan unguwar Rikoto, tun firamare bencinmu ɗaya. Kullum in ya yi sallar la'asar sai gidanmu, mu riƙa karɓa-karɓa a wasan. Sau da yawa yana riga ni isa, ina can wurin ɗiban ruwa ko koyon waƙar coci, Mama ta ce ya shiga falo ya jira ni, don a wurinta shi ɗan gida ne. Na ba shi labarin kibiyar, ya yi dariya har ya zamo daga kan benci. Ke nan a duk faɗin Zuru mutum biyu ne suka san sirrin akwatin nan, ni da shi.

Ya gina 'yar bukkarsa a gefen garin Yaya, ya ce in ja masa waya ko ƙwai ɗaya ya kunna. Na ce amana ce, ba a ja wa kowa. Ya ce, "To, mai wuta. Allah shi ba mu haƙurin zama da masu mulki." Muka yi dariya. Daga baya ne na riƙa juya maganar nan a raina ina gano ƙaya a cikinta.

Wata ranar na buɗe kwamfutar da sauri, ban ko kalli akwatin ba, don wa ke sake duba abin da ya kulle da hannunsa jiya? Na zuba dutse a inji na biyu. Ɗim! Na ruga bakin gari, kibiya tana kallon sama tana mini murmushi. Abokina yana zaune a gefena, kuma ya yi dariya. Dariyar ba ta da yawa, amma na ajiye ta.

Daga nan na fara dubawa kafin in taɓa komai. Kusan kullum a ƙasa nake barinta, a sama nake samunta. Sabon ramin kuma ya fi na farko matsawa kusa da gidan bene. Na fara kwana da tanderun nan a raina, ina ganinsa a allon aji, ina ganinsa a cikin kwanon miya.

Sai na zama ɗan sandan ciki. Na ɗora tsinken tsintsiya a kan murfin, na dawo na same shi a ƙasa. Na shinshina linzamin kwamfutar, na ji ƙamshin man zafi. A gidanmu man zafi na Baba ne, tsohon soja ne da ya yi ritaya, gwiwoyinsa yake shafa wa. Nan take na gane zurfin makircin: abokina yana lakatar man Baba ne don ya ɓad da sawu. A filin ƙwallo na yi kamar zan gaishe shi, na kai hannunsa hancina. Ƙuli-ƙuli na ji. Na ce lalle yaron nan ya ƙware, har wanke hannu yake yi.

Na soma lura da abubuwan da ban taɓa lura da su ba. In ya yi shiru, na ce yana ƙulla wani abu. In ya yi surutu, na ce yana rufe abin da ya ƙulla. Ranar da ya kawo mini rake daga gidansu na ƙi sha, na ce haƙorina ke ciwo, ya zauna a gabana ya shanye duka.

Rannan muna shirin farawa Mama ta aike ni kai niƙa, na gaske, na dawa. Na fita ban duba kibiyar ba. Ina dawowa da kwano a ka na ji ɗim daga falo. Wannan karon a hannun abokina ya tashi, kuma ya haɗa da duk injunan da suka rage. Rumfar ta zama tarihi. Bakin ramin ya lashi katangar gidan Yaya.

Na sauke kwanon a hankali, irin na manya.

"Mutumina," na ce, "mu yi magana ta gaskiya. Don na hana ka waya ne?"

"Mi kake nuhi?"

"Ni da kai kaɗai muka san kibiyar nan."

Ya dube ni, ya dubi kwamfutar. "Kai, in ni ke juya ta, sai in tahi da ƙahwata in zuba dutse ta tashi da ni? Dubi mutumin, ko takalmi bai tsira da shi ba."

"Wayon ke nan. Don kada a zarge ka."

"A'a, lalle ka yi nisa. Shi ya sa ran nan ka shinshina mini hannu kamar akuya? Na ɗauka mura ke damunka."

"Rantse."

Sai dariyar ta bar fuskarsa. Tun muna sa gajeren wando ban taɓa ce masa ya rantse ba, ko ranar da ƙwallona ta ɓace a hannunsa. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ba ni rantsuwa a kan akwatin da ko taɓa shi ba a iya yi da hannu. Ka riƙe wutarka." Ya leƙa madafa ya yi wa Mama sallama da ladabi, ya fita.

Na ce shi ke nan, an huta. Washegari na buɗe murfi, kibiya tana sama. Na ce ta taga ya shigo. Na bincika, aka ce ai ya tafi Mahuta bikin 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, ba zai dawo ba sai an watse. Kibiya kuwa ba ta je Mahuta ba, kullum tana nan tana juyawa.

Zargi ya rasa masauki, sai ya bi gida ɗaki-ɗaki. Na zargi Mama, wadda in ta ga kwamfutar zane take lulluɓa mata kamar abin kunya. Na zargi kyanwar maƙwabta. Na zargi Yaya, na ce ƙila sojoji suna da wata na'ura da yake juya ta daga bariki don ya ƙwace kayarsa da hujja. Har kaina na zarga, na tambayi Mama ko ina tafiya cikin barci, ta ce a farke ma da ƙyar nake tafiya in an aike ni. Baba kaɗai ban kawo a rai ba. Mutumin da in saƙo ya shigo wayarsa sai ya miƙo mini daga nesa kamar ya kamo kunama.

Suma ce ta warware maganar. An kore ni daga makaranta da hantsi aka ce in je in yi aski, na dawo gida a lokacin da ba a saba ganina ba. Na tura ƙofar falo. Ga Baba da singileti, tabarau a ƙarshen hanci, harshe a gefen baki, yatsa ɗaya a kan linzami. Falon ya cika da ƙamshin man zafi.

"Baba?"

Ko gezau bai yi ba. "Yawwa, gara da ka zo. Matso nan. Kai wane irin yaro ne mai taurin kai? Kullum sai na gyara maka abin nan, kullum sai ka ɓata."

Ashe tun ran farko ya ɗaga murfin ne don ya ga ko caji ya cika. Hannunsa ya taɓa linzami, mutumin da na bari tsaye da sifana ya bugi akwatin, rubutu ya fito. Ya sake taɓawa, wani rubutun ya fito. Baba kuwa yana karanta Turanci tun zamanin bariki. Ya ga ɗaya na cewa ragewa, ɗaya na cewa ƙarawa, sai ya zaɓi wanda duk mai hankali a layinmu zai zaɓa. Ni na riƙa ajiye masa sifana a hannu kullum, da sunan gadi.

"Na ɗauka ba ka gane Turancin ba ne," ya ce. "Na ce bari in riƙa gyarawa a ɓoye, kada ka ji kunya a gaban abokinka."

Na yi masa bayanin Yaya, har da jariri da malmalar tuwo. Ya saurara yana kaɗa kai irin na wanda ya riga ya yanke hukunci.

"Ɗaga kanka," ya ce. Na ɗaga. Ƙwan falo yana can yana fama da ransa. "Ka ga wannan? Na zaga ƙasar nan da kaki, ban taɓa sauka garin da aka ce wuta ta yi yawa ba. Injunan naka ne ba su da ƙwari. Sa wani aiki mu gani."

"Baba, sun ƙare. Saura tanderun Yaya kaɗai."

"To ai shi ne daidai. Babban inji shi ke son babbar wuta."

"Baba, fashewa zai yi. In ya fashe Yaya zai tafi da kwamfutar."

"In ya fashe ka ce ni ne. Wuce mu je."

Na matsa da linzami a hankali, da niyyar in ɗan bugi akwatin a kan hanya. "Bar kibiyar nan inda take," in ji Baba, bai ko ɗaga murya ba. A gidanmu in ya yi magana da wannan muryar, ko fanka sai ta ƙara sauri. Na ja mutumina zuwa gidan bene kamar akuyar da ake kaiwa kasuwa, ina tsayawa a kowace kwana ko Allah zai sa a ɗauke wuta kwamfutar ta mutu, na manta tana da batir. Muka shiga tsakar gida. Tanderu yana nan yana sheƙi, babu ko ƙwarzane. Na ɗauki ƙarfe na saka.

Ƙarar ta fi duk na baya. Bene ya sauko ya gaishe da ƙasa. Inda tanderu yake sai rami, ruwa yana gangarawa ciki a natse.

Baba ya faɗi wata kalma da yarenmu na C'lela wadda ba a faɗa a gaban yara. Mama ta ɗago murya daga madafa, "Me ya faɗi?" Muka haɗa baki, "Ba komai!"

Ya cire tabarau ya goge da bakin singileti, ya mayar, ya sake leƙa ramin. Can ya ce, "To. Ashe da gaske akwai garin da wuta ke yi wa mutane yawa." Ya ɗaga kai ya dubi ƙwan falonmu da wani irin tausayi.

Ni kuwa idona ya cika, na juya baya ina kallon bango. Sai ya ce, "Ina yaron nan na Rikoto? Na kwana biyu ban ji dariyarsa ba." Na faɗa masa duka, har da shinshina hannu. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni yaushe zai dawo daga Mahuta.

Ranar da ya dawo, Baba ya sa riga ya ɗauki sandarsa ya ce in wuce gaba. Da gwiwoyin nan nasa muka taka har Rikoto, ya ƙi hawa babur. Muka yi sallama a ƙofar gidansu, abokina ya fito, yana ganin Baba ya durƙusa.

"Tashi, ɗana," in ji Baba. "Ɓarawon da ake nema ne ya kawo kansa. Ni ke juya kibiyar."

Abokina ya kalli ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Ya cije leɓe, ya yi tari, ya ce, "Ba komai, Baba." Da Baba ya juya gaisawa da mahaifinsa, sai ya matso ya raɗa mini, "Shi ma ka shinshina mishi hannu?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce zai duba. Bai zo washegari ba, bai zo jibi ba, sai da ya ga dama, kuma da ya zo ya daɗe yana kirana ɗan sanda.

Mun yi ƙoƙarin sake ƙera tanderun, mu uku, Baba yana riƙe da aikin sarar itace don shi kaɗai ya iya. Ƙarfen da ake buƙata yana can ƙasa da nisa, Kirsimeti ta riga mu. Yaya ya iso, ko jaka bai ajiye ba ya buɗe kwamfutar, ya ga ramin, ya juyo kaina a hankali. Daga kan kujera Baba ya ce, "Ni ne." Yaya ya ƙame kamar a gaban kwamanda.

Kwamfutar ba ta koma bariki ba, kuma ba ta zama tawa ba. Tana falon Baba, shi ke riƙe da ita daga safe zuwa azahar, mu sai bayan la'asar. Bukkar abokina ce ta fara samun waya, Baba ne ya ja masa da kansa, ya kafa mata 'yar taransifoma a bakin ƙofa, kibiyarta tana kallon ƙasa.